Shirin Musamman: Hasashen Mark Weiser da Na'urorin Zamaninmu



A shekarar 1991, zamanin da kwamfuta take jibgegen akwati bisa tebur, wani masani mai suna Mark Weiser, na cibiyar binciken kamfanin Xerox a Palo Alto ta ƙasar Amurka, ya wallafa maƙala a mujallar Scientific American, inda ya yi hasashen cewa wani zamani na nan tafe da na'urori za su yawaita, su bazu cikin gidaje da ma'aikatu, har ɗan Adam ya riƙa amfana da su ba tare da ya ankara ba.

Shi da abokan aikinsa ba su tsaya ga fatar baki ba, sai da suka ƙera na'urori iri uku: ƙarama daidai tafin hannu, matsakaiciya gwargwadon littafi, da babba mai faɗin allon bango. Duk wanda ya dubi wayar da ke aljihunsa, da iPad da ta fito a 2010, lalle zai shaida cewa ta fuskar siffa firasar mutumin nan ta gaskata.

To amma ta fuskar maƙasudi, al'amarin ya sha bamban. Weiser ya nufi matsakaiciyar nan ta zama tamkar takardar gwaji, ba ta da mai ita, kowa ya ɗauka ya biya bukatarsa ya ajiye; alhali wayar yau a kulle take da zanen yatsan mai ita, tana riƙe da asiransa. Ya kuma so na'ura mai natsuwa, irin igiyar roba da wata mai suna Natalie Jeremijenko ta rataye a cibiyar, wadda take ɗan kaɗawa gwargwadon zirga-zirgar saƙonni, ta sanar da mutum ba tare da ta katse masa tunani ba. Tamu kuwa ƙara take yi, ta yi walƙiya, domin kamfanoni da yawa daga talla suke samun riba, tallar kuwa ba ta ci sai idonka na kan gilashi.

Weiser ya rasu a 1999, shekara 8 kafin fitowar iPhone. Ma'aunin da ya bari shi ne: na'ura tagari ita ce wadda ta bar wa mutum hankalinsa. Kowa sai ya auna tasa.