FASHIN BAƘI: Yadda za a gane dalilin yawan ɗaukewar intanet a Birnin Gwari

A Birnin Gwari, mai POS a bakin kasuwa da ɗalibin da ke rajistar JAMB da ma'aikacin lafiyar da ke aika rahoto Kaduna duk aikinsu kan tsaya cik da zarar sabis ya ɗauke. Mafi wahalar sha'ani shi ne intanet mai zuwa yana komawa, domin mai shi ba ya sanin ko kwamfutarsa ce, ko na'urar MiFi, ko turken sadarwa, ko kuma hukuma ce ta toshe layi.

Zargi na ƙarshen yana da tushe. A farkon Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layuka a Zamfara. A ƙarshen watan gwamnatin Nasir El-Rufai ta bi sahu a wasu sassan Kaduna, har da Birnin Gwari, domin raba 'yan bindigar daji da masu kai musu bayanai. Sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗewa. Amma toshewar hukuma tana da kamanninta: kira da saƙo da data na dukkan kamfanoni sukan mutu tare, kuma su daɗe a mace. Intanet ɗin da ke dawowa bayan minti biyar wani ciwon ne daban.

Gwajin farko

Idan intanet ya ɗauke a kwamfuta, duba wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita. In wayar na aiki, laifin na kwamfutar ne.

Domin samun tabbaci, buɗe Command Prompt sau biyu a Windows. A na farko rubuta ping -t da adireshin na'urarka, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, kuma yana rubuce a jikinta ko a takardarta. A na biyu rubuta ping -t 8.8.8.8, adireshin Google. Bar su su yi ta gudu. Idan duka biyun suka daina amsawa lokaci guda, matsalar na cikin gida. Idan na biyun kaɗai ya yi shiru, tsakanin na'urarka ne da duniyar waje.

Idan a cikin gida ne

Fara da wuta. Janareto ko inbata mai rawa kan sa na'urar ta mutu ta sake tashi, abin da kan ci minti ɗaya ko biyu. MiFi ɗin da batirinsa ya kumbura, ko wanda ya sha zafi ƙarƙashin rufin kwano, haka yake yi. Windows ma kan kashe katin Wi-Fi domin tattalin batir, ana kuma hana shi yin haka a Device Manager. Haɗa na'urar da kwamfuta ta waya: in katsewar ta tsaya, Wi-Fi ne ke da laifi.

Idan daga waje ne

Shiga shafin na'urar ka duba ma'aunin ƙarfin sabis mai suna RSRP. Kusan -80 mai kyau ne, ƙasa da -110 kuwa ya yi rauni ƙwarai. A irin wannan wuri na'ura kan yi ta tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle kuma na iya yanke haɗi. Tsayar da ita a kan guda ɗaya, ka ɗaga ta sama kusa da taga.

Sannan ka lura da lokaci. Jan ƙafa bayan magariba alamar cunkoso ce a turke ɗaya. Ɗaukewa gaba ɗaya a kusan sa'a guda kullum kan nuna cewa wuta ce ke ƙare wa turken. Turakun karkara sun dogara da dizal da batura da hasken rana, kuma dole injiniya da motar mai su bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kimanin kilomita 120, wadda ta shafe shekaru tana fama da hare-hare. Sau da yawa turke ɗaya ne ke miƙa wa na gaba saƙo, don haka mutuwar guda a bakin daji kan kashe na bayansa. Kamfanoni irin su IHS kuma kan ba layuka da dama hayar turke ɗaya, saboda haka faɗuwar layi biyu tare ba hujjar toshewa ba ce.

Wani lokacin tushen yana nesa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da masu intanet a faɗin Najeriya suka ji a jikinsu.

Rubutu shi ne hujja

Ajiye littafi na mako guda: rana, lokaci, tsawon katsewa, sunan layi, da ko kira ya yi aiki. Kai ƙorafi ga kamfanin, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. In ba a gyara ba, NCC na da lambar kira kyauta, 622. Ƙorafin unguwa guda mai ɗauke da ranaku da sa'o'i ya fi wuyar kawar da kai a kansa.

A shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya turaku da wayoyin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da wajibi ne a kare. A Nuwamban shekarar, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Kasuwar da ta farfaɗo na buƙatar layin da za a tura kuɗi, ƙauyen da ke bakin daji kuma na buƙatar layin neman agaji. Matasan yankin na da haƙƙin tambayar wakilansu da NCC: turaku nawa ne ke aiki a ƙaramar hukumar yau, nawa ne a mace, kuma wa ke da alhakin tayar da su?