Kakanni a Kan Benci: Abin da Bincike Ya Nuna Game da Yawan Tunani

Sau da yawa idan mun shiga ƙauyuka mukan tarar da mace mai fama da ciwon kai, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga. An gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro. Ta sha ƙwayoyi har ta gaji. In aka zauna da ita sai ta ce, "Tunani ne ya yi mini yawa." Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Ciwo ne na gaske kamar hawan jini. Ba lalaci ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba.

A ƙasar Zimbabuwe, 'yan ƙabilar Shona suna ce masa kufungisisa, wato yawan tunani, daidai yadda mu ma muke faɗa. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a can. Saboda haka a shekarar 2006 Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare ta birnin Harare. Aka ajiye bencin katako a harabar asibitin unguwa, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka su yi magana.

Kakar ba ta yin faɗa, ba ta kuma cewa "yi kaza." A ganinmu wannan ne wuri mafi wuya, domin mun saba da gaggawar ba da shawara. Takan saurara har mutum ya zazzage abin da ke cikinsa: bashi, kuɗin makaranta, miji mai shan giya, rashin lafiya. Sa'an nan ta tambaye shi wanne ɗaya za a fara da shi. Shi da kansa zai kawo hanyoyin warwarewa, ya zaɓi wadda zai iya gwadawa kafin zama na gaba.

An gwada wannan hanya a kan mutum 573 a asibitoci 24 na Harare, aka fitar da sakamakon a 2016. Wajen rabinsu sun yi zama har shida a kan benci, sauran suka sami kulawar asibiti kawai. Bayan wata shida, kimanin 14 cikin 100 na masu zuwa benci ne ke da sauran alamun ciwon. A ɗaya rukunin kuwa, 50 cikin 100 ne.

Ikkilisiyoyinmu ba su rasa irin waɗannan iyaye ba, musamman a zumuntar mata. Sai dai mu lura, kakannin Harare an horar da su, an koya musu riƙe asiri, kuma akwai ma'aikatan lafiya da ke lura da aikinsu. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ba a tsayar da shi a kan benci. Ana raka shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.