Paul Robeson: Ɗan Wasan Kwaikwayo da Ikonsa Bisa Maganarsa

Masanan harshe sun daɗe da yarda cewa ma'anar magana ba ta ƙarewa a bakin mai faɗinta. Wurin da aka faɗe ta, da abin da ya gabace ta, da abin da ya biyo bayanta, duka suna iya juya ta. Nufin wannan takarda shi ne a gwada haka da rayuwar Paul Robeson, Baƙar fatan Amurka, wanda ya yi suna a dandalin wasan kwaikwayo da kuma cikin sinima.

An haife shi a garin Princeton ran 9 ga Afrilu 1898. Ubansa bawa ne da ya gudu daga bauta a 1860, daga baya ya zama limamin coci. Paul ya gama Jami'ar Rutgers a 1919, sa'an nan ya karanta shari'a a Jami'ar Columbia, ya fita a 1923. Bai daɗe yana aikin lauya ba, don wulakancin launin fata da ya tarar a ofis ya sa ya bari. A 1924 ya fito cikin wasanni biyu na Eugene O'Neill a New York, ɗayansu kuwa shi ne The Emperor Jones. Daga nan muryarsa mai kauri ta kai shi Landan, inda ya yi Show Boat a 1928, ya kuma yi Othello na Shakespeare a 1930, tare da Peggy Ashcroft.

Zamansa na Landan shi ne ya fi shafarmu. A can ya sadu da ɗaliban Afirka, ya ga ashe abin da aka koya masa game da ƙasar kakanninsa duk na raini ne. A 1934, watau shekarar da aka buga ƙamus ɗin Hausa na Bargery, ya shiga Makarantar Nazarin Harsunan Gabas ta Jami'ar Landan, ya koyi ilmin furuci da harshen Suwahili. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne karin sauti, irin hawa da saukar murya da mu Hausawa mu ke bambanta kalmomi da shi. Ya riƙa kwatanta harsunan Afirka da na Sin ta wannan fuska, yana jayayya da masu cewa harsunan nan ba su iya ɗaukar tunani mai zurfi.

To, da wannan zuciya ya karɓi aikin fim ɗin Sanders of the River, wanda ya fito a 1935. An ɗauko labarin daga littattafan Edgar Wallace, aka ce a Nijeriya abin ya faru. Zoltan Korda, mai shirya fim ɗin, ya riga ya zaga wasu ƙasashen Afirka ya ɗauko hotunan raye-raye da waƙoƙi na ainihi. Robeson ya ga waɗannan, ya zaci za a nuna wa duniya martabar al'adun Afirka, ya yarda ya fito a matsayin sarki Bosambo. Da aka gama yanke hotuna aka harhaɗa su, sai ga abin ya zama yabon mulkin mallaka: Baturen gunduma shi ne uba mai hikima, sarki kuwa yaronsa ne mai biyayya. Muryar ta Robeson ce, waƙoƙin ma shi ya rera su, amma ma'anar ta zama ta wani. Ya fito fili ya barranta da fim ɗin, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A nan bambancin sana'o'in biyu ya ke. Bisa dandali, ɗan wasa yana faɗin maganarsa daga farko har ƙarshe a gaban jama'a. Shi ke zaɓen inda zai ɗaga murya da inda zai yi shiru, ba kuwa mai shiga tsakaninsa da masu kallo. Cikin sinima ana ɗaukar maganarsa gutsure-gutsure, wani dabam ya jera su bayan shi ya tafi gida. Robeson ya sake gwadawa da fina-finai da dama, wanda ya fi gamsar da shi kuwa shi ne The Proud Valley na 1940, labarin masu haƙar kwal na ƙasar Wales. Bayan Tales of Manhattan na 1942 ya ce ya bar irin waɗannan fina-finai, saboda yadda su ke nuna Baƙar fata.

Da ya koma dandali sai ya sami abin da ya rasa. Othello da ya fara a New York a 1943 an yi shi sau 296, abin da ba a taɓa yi wa wani wasan Shakespeare ba a dandalin Broadway. Masu kallo sun ga jarumi baƙi mai mutunci, wanda makirci ya kayar, ba wauta ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani irin yanka kuma ya same shi. Saboda ƙaunarsa ga Tarayyar Sobiyet da goyon bayan da ya ke ba masu neman 'yancin Afirka, gwamnatin Amurka ta soke fasfonsa a 1950, gidajen wasa kuma suka rufe masa ƙofa. A 1957 sai ta wayar tarho ya rera wa masu haƙar kwal na Wales waƙa daga New York. An mayar masa da fasfo a 1958, ya yi Othello na ƙarshe a Stratford a 1959. Rashin lafiya ya sa ya janye daga jama'a, ya rasu a Philadelphia ran 23 ga Janairu 1976.

Malaman da ke koyar da wasan kwaikwayo a kwalejojin horon malamai suna da abin ɗauka a nan. Gyaran furuci da sarrafa murya wajibi ne, amma rabin aiki ke nan. Ya kamata ɗalibi ya saba da tambayar wa ya rubuta maganar da aka sa masa a baki, wa zai jera ta, kuma wa za ta yi wa amfani in an gama.