Yaron da ke riga kowa gama aiki: me malam zai yi da shi?

A azuzuwan firamare, daga CI zuwa CM2, akan samu yaron da ke gama lissafi tun malam bai ajiye alli ba. In aka bar shi zaune, sai ya shiga surutu, har a ɗauke shi marar ji, alhali gajiya ya yi da maimaita abin da ya sani.

Malamai da dama kan ƙara masa tambayoyi goma irin waɗanda ya gama. Nan yaro zai gane cewa ladan saurinsa ƙarin wahala ne, sai ya koyi jan ƙafa. Tambaya guda mai zurfi ta fi amfani. Misali, a ce ya tara lambobi daga 1 zuwa 100 ba tare da bin su ɗaya-ɗaya ba. In ya lura 1 da 100, 2 da 99, kowanne na ba da 101, kuma haɗin 50 ne, zai samu 5050, sannan ya bayyana hanyar da ya bi.

Sa shi taimaka wa ƴan ajinsu abu ne mai kyau, amma kada ya zama aikinsa na kullum; shi ma koyo ya zo yi. Tsallake aji kuwa sai an yi shawara da iyaye da darektan makaranta.

A ƙarshen mako, ya kamata malam ya tambayi kansa: wane sabon abu yaron nan ya koya? Ya kuma duba yarinyar da ke shiru a bayan aji, ba ta ɗaga hannu, amma littafinta babu kuskure.