LAMIN GEY: LAUYAN DA YA ZAMA MAGAJIN GARIN DAKAR

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau za mu ba ku labarin wani mutumin Senegal. Sunansa Lamin Gey. Ƙasarsa tana da nisa, amma akwai wata doka mai ɗauke da sunansa wadda ta shafi kakanninmu a nan Nijar.

Ƙuruciyarsa

An haifi Lamin Gey ran 20 ga Satumba 1891 a garin Medin, kusa da Kayi, cikin ƙasar da ake ce ma Mali yau. Iyayensa mutanen Sanlwi ne, a Senegal. Ya yi lekwal ya zama mushe, yana koya ma yara lissafi. Daga baya ya tafi Pari ya karanci shari'a. A 1921 ya samu babbar takarda ta dakta a fannin shari'a. Ya komo gida ya kama aikin lauya.

Mine ne aikin lauya?

Lauya shi ne wanda wasu ke ce ma aboka. Ba shi ke yanke hukunci ba, wannan aikin alƙali ne. Lauya ya san abin da doka ta ce. In an kai mutum ƙara, sai ya tsaya masa, ya yi magana a madadinsa.

Ga misali. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, akwai sojan Afirka da suka komo daga yaƙin duniya na biyu. Sun nemi a biya su kuɗinsu. Sai aka buɗe musu wuta, aka kashe da yawa. Cikin waɗanda suka tsira, an kai 34 gaban kotun soja a watan Maris 1945. Lamin Gey ne ya tsaya musu. Bai ci nasara ba, an ɗaure su. Amma maganar ba ta mutu ba, kuma a 1947 aka sake waɗanda ke tsare.

Mutane iri biyu

A zamanin Nasara, Faransa ta raba mutanen da take mulki gida biyu. Ƴan garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar, Gore, Rufisk da Sanlwi, ana lissafa su ƴan ƙasa. Suna jefa ƙuri'a, ana yi musu shari'a irin ta Faransawa. Sauran jama'a duka, har da mutanen Nijar, talakawan mulki ne kawai. Kumandan yana iya rufe mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba. Ana ɗibar mutane aikin dole, su bar gonakinsu.

Lamin Gey yana cikin ƴan gata, amma bai yarda da wannan rabo ba. A 1944 Faransa ta ba matanta damar zaɓe, amma a 1945 ta hana matan garuruwan nan huɗu. Ya shiga gaba, maza da mata suka yi ta taro, har gwamnati ta janye. A wannan shekara aka zaɓe shi magajin garin Dakar. Aka kuma zaɓe shi depite a majalisar Faransa, shi da Lewopol Sengor.

Dokar 7 ga Mayu 1946

A majalisa ya kawo doka ƴar gajera. Ta ce duk mutanen ƙasashen da Faransa ke mulki sun zama ƴan ƙasa. An sa mata hannu ran 7 ga Mayu 1946. Ita ce dokar Lamin Gey. Kafin ta da wata guda, dokar Hufuwet Bwanyi ta soke aikin dole. A Nuwamba 1946 Nijar ta aika nata depite, Diori Hamani. A 1950 Lamin Gey ya sake kawo wata doka, wadda ta ce kada a bambanta albashin ma'aikatan gwamnati saboda launin fata ko asali.

Sai dai ku lura: rubuta doka daban, aiki da ita daban. An ce kowa ɗan ƙasa ne, amma ƙalilan ne ke da katin zaɓe. Sai a 1956 kowane baligi, namiji da mace, ya samu ƙuri'a. A shekarar nan ce Yamai ta zaɓi magajin gari, Djibo Bakary.

Mine ne aikin magajin gari?

Magajin gari ba sarauta ba ce ta gado. Jama'a ke zaɓen wakilai, wakilai su fid da shi daga cikinsu. Shi ke lura da kasuwa, da tsabtar gari, da hanyoyi. A meri ake rubuta haihuwa, da aure, da mutuwa. Kuɗin da yake aiki da su na jama'a ne.

Lamin Gey ya riƙe Dakar daga 1945 zuwa 1961. A lokacin, Dakar ce babban birnin Afirka ta Yamma ta Faransa, can babban gwamna yake zaune. Merin Dakar ta biya ma samari da dama kuɗin karatu a Faransa.

Ranar da ƙauye ya yi magana

Lamin Gey mutumin birni ne, ƙarfinsa yana Dakar da Sanlwi. A 1948 Sengor ya rabu da shi, ya kafa tasa jam'iyya. Ya bi ƙauye ƙauye, yana zama da manoman gyaɗa, yana jin kukansu. A zaɓen 1951 an ƙara yawan masu ƙuri'a a karkara. Manoma suka zaɓi Sengor, Lamin Gey ya rasa kujerar depite. Mutanen da ya buɗe ma ƙofa su ne suka kada shi, don sun ga bai waiwaye su ba.

Ya karɓi hukuncin jama'a, ya ci gaba da aikin meri. A 1958 suka shirya da Sengor. Da Senegal ta samu mulkin kai a 1960, ya zama shugaban majalisar dokoki. Yana kan wannan aiki ya rasu a Dakar ran 10 ga Yuni 1968.

Abin da za mu riƙe

Ƴan'uwa, wanda bai san haƙƙinsa ba, da wuya ya neme shi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ku yi ma ƴaƴanku takardar haihuwa. Kada ku dangwala hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Ranar zaɓe ku fito, ƙuri'ar manomi ɗaya take da ta ɗan birni. Ku kuma riƙe karatun yaƙi da jahilci da kyau, don ku iya karanta takardunku da kanku.