Harsashi Iri Uku Ya Wadatar Da Maharbi

MAIDUGURI — Ga maharbin Borno da kuma dillalinsa, tara harsasai iri-iri ɗaure jari ne kawai, musamman da yake galibinsu daga ƙasashen waje ake sayo su da kuɗin musanya.

Dokar Makamai ta 1959 ita ce ta fara taƙaita zaɓin. Ta haramta bindigogin soja masu awon 7.62mm, 9mm, .300 da .303, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta tana buƙatar lasin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, baushe kuwa na Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Saboda haka bindiga mai awo 12 ta fi dacewa, domin tana cin harsasai dabam-dabam. Lamba 6, mai ƙananan ƙwayoyi, ta ishi fakara da zabon daji; lamba 4 ta dace da zomo da agwagwar ruwa; BB kuwa sai ɗinya. Mai waɗannan uku ya gama sayayya.

Sai dai a kula: an hana farauta a Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Dillalin da ya sayar wa marar lasin kuwa, jarinsa da 'yancinsa ya jefa cikin haɗari.