Idanu Lafiya, Amma Hagu Ta Ɓace

Akwai wata lalura da kan biyo bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, ko mugun buguwa a ka irin ta haɗarin mota da babur, wadda sau da yawa iyalin majinyaci ba su gane ta, har su riƙa ɗora wa bawan Allah laifin taurin kai ko raini, alhali kuwa shi ko labarin abin da ake tuhumarsa da shi ba ya da shi. Sai a ajiye masa akushin tuwo, ya cinye ɓangaren dama sarai, na hagu ko taɓawa bai yi ba, sa'an nan ya ce bai ƙoshi ba. In aka juya akushin, sai ya sa hannu ya ci gaba kamar yanzu aka kawo. In ya zo alwala ya wanke hannun dama ya manta da ɗayan, in mai dubiya ya zauna ta hagunsa ya ƙi waiwayarsa. Likitan ido kuwa, in ya duba, yakan tarar idanun nan biyu lafiyarsu ƙalau.

Asalin al'amarin shi ne, ido ƙofa ce kawai, gani kuwa a cikin ƙwaƙwalwa yake kammala. Wannan ba sabon zance ba ne, gama Ibnul Haisam, malamin nan haifaffen Basra wanda ya wallafa Kitabul Manaziri wajen shekara dubu da suka wuce, ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, kuma ganin ba ya cika sai ƙwaƙwalwa ta yi hukunci ta shaida abin. Daga baya wani likitan ido na Japan mai suna Inouye, da ya binciki sojojin da harsashi ya samu a ƙeya a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, ya nuna yadda kowane yanki na ƙwaƙwalwar ƙeya ke da nasa rabon na filin da mutum ke gani, ɓangaren dama yana karɓar abin da ke hagu, na hagu yana karɓar abin da ke dama. Wanda rauninsa ya tsaya nan yakan rasa ganin gefe guda, amma galibi ya san ya rasa, sai ya riƙa juya kai yana cike giɓin.

Mutumin akushin nan kuwa nasa daban ne, domin abin da ya taɓu gare shi ita ce lura, watau ƙarfin nan da ke ɗaukar hankali ya kai shi kan abu. Rauninsa yawanci yana ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, sama da kunne ta wajen baya, kuma bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi shi ne, ɓangaren dama yana lura da gefe biyu, na hagu kuwa da dama kaɗai, saboda haka in na dama ya lalace hagu ba ta da sauran mai kula da ita. In an ce ya zana fuskar agogo, sai ya cusa lambobin duka a gefen dama; mai karatun boko ya rasa farkon layi, mai karatun ajami ya rasa ƙarshensa.

A ganina babu abin da ya fito da zurfin wannan lalura kamar gwajin da wasu masu bincike biyu, Bisiach da Luzzatti, suka yi a birnin Milan na Italiya, suka buga a 1978. Suka ce wa majinyata biyu, waɗanda suka san babban dandalin garin kamar yunwar cikinsu, su sawwara a zuci suna tsaye suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su faɗi gine-ginen da ke kewaye; sai suka lissafa na dama, suka tsallake na hagu. Aka ce to, yanzu su sawwara sun koma bakin ƙofar majami'ar sun juya mata baya. Nan take gine-ginen da suka tsallake ɗazu suka zo bakinsu, waɗanda suka ambata da fari kuma suka ɓace. Ashe sanin dandalin yana nan cikakke a ajiye, hankalin ne ya ƙi juyawa hagu, ko da a cikin tunani ne, inda ido ba ya da wani aiki. Subhanallahi!

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, da yawa daga masu wannan lalura ba su san suna da ita ba, har wani ya musanta cewa hannunsa ya shanye, halin da likitan nan na Faransa, Babinski, ya siffanta tun 1914. Don haka gardama da shi ko yi masa tsawa ba su da fa'ida, zalunci ne ma, ko da ba da niyya ba.

Alhamdu lillahi, da yawa kan sami sauƙi cikin makonni ko watanni. Wani mai zane Bajamushe, Anton Räderscheidt, wanda ciwon ya kama a 1967, ya yi ta zana fuskarsa, da fari rabi kawai take fitowa, sannu a hankali gefen hagu ya riƙa komowa cikin zanen. Masu koyar da majinyata motsa jiki sukan ja jan layi a gefen hagu na takarda, su hori majinyaci kada ya fara karatu sai ya nemo layin, su kuma saba masa da juya kai da gangan. Kafin sauƙin ya samu, wajibi ne iyali su kai shi asibiti a gwada shi, su hana shi tuƙi da tsallaka titi shi kaɗai, kada kuma a ajiye murhu ko tafasasshen ruwa ta hagunsa.